Marigayi Kyaftin Abebe Bikila, Ɗan Makiyayin da Ya Ci Gudun Rum ba Takalmi

Ran 10 ga watan Satumba na shekarar 1960, saura mako uku cif Nijeriya ta karɓi mulkin kai, wani farabitin soja ɗan ƙasar Habasha, wanda ba a san da zamansa ba a wajen ƙasarsu, ya zo na ɗaya a gudun famfalaƙi na wasannin Olimfik da aka yi a birnin Rum na ƙasar Italiya. Nisan wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, wato mil 26 da 'yan kai, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil ke nan, kuma ya yi shi tun daga farko har ƙarshe ba takalmi a ƙafarsa. Sunan wannan soja Abebe Bikila. Shi ne baƙar fata na farko daga wata ƙasar Afirka da ya ci lambar zinariya a waɗannan wasanni. Tun daga wannan rana mutane suka riƙe labarin ƙafa ba takalmi, har ya kusa rufe sauran tarihinsa, alhali kuwa abin da ya kai shi ga nasara ya faro ne shekaru da dama kafin nan, a kan turbobin shanu da hanyoyin ƙafa na tsaunukan Shewa.

An haifi Abebe ran 7 ga watan Agusta na shekarar 1932 a wani ɗan ƙauye da ake kira Jato, kusa da garin Mendida a lardin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne. Yana da shekara 3 a duniya sojojin Mussolini suka afka wa Habasha a watan Oktoba na 1935, kafin watan Mayu na 1936 sun shiga Addis Ababa, Sarki Haile Selassie kuwa ya yi gudun hijira zuwa Ingila, bai komo ba sai a 1941. Wannan yaƙi ya tashi iyayen Abebe daga ƙauyensu, suka tafi can wani lungu mai nisa suka fake, sai da ƙura ta lafa suka dawo ga gonarsu. Saboda haka yaron ya buɗi ido ne a cikin mulkin mallakar Italiya, ƙasar da zai je babban birninta bayan shekara 24 ya bar tarihi.

Ƙuruciyarsa ba ta bambanta da ta sauran 'ya'yan karkara ba. Kiwo ne da noma, da tafiyar ƙafa duk inda za a je, a ƙasar da hawa da gangara suka yi yawa. Akwai kuma wani wasan gargajiya da samarin Habasha ke yi, mai suna gena, wanda ya yi kama da ƙwallon gora: ana bin ƙwallo da lanƙwasassun sanduna a fili fetal, wani lokaci tsakanin raga da raga tafiya ce mai nisa, ƙauye guda ya kara da ƙauye guda. Wanda ya saba da wannan wasa ya saba da gudu a kan ƙasa mai gargada, inda dole ido ya riga ƙafa sauka. Ya taso dogo ne siriri, marar nauyin jiki, mai ƙarancin magana.

A farkon shekarun 1950 ya sauka Addis Ababa neman abin yi, kamar yadda samarin ƙauye kan yi a ko'ina, kuma wajen 1952 aka ɗauke shi cikin rundunar askarawan da ke tsaron Sarki. Shiga wannan runduna ita ce ta sauya masa rayuwa, domin kuwa a can ya sami abinci a kan lokaci, da albashi, da horo, da kuma gasar wasanni tsakanin rundunoni. A tsakiyar shekarun 1950 ya mayar da gudu tsakanin tuddan Sululta da Addis Ababa aikinsa na kullum, wajen kilomita 20, yana ratsa tsaunin Entoto da ke arewacin birnin, inda itatuwan turare suka yi duhu. A 1956 ya zo na biyu a gasar rundunonin sojan ƙasar, bayan wani gwani mai suna Wami Biratu wanda a lokacin ba a ja da shi.

Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan ƙasa da yake gudu a cikinta, don ita ce rabin labarin. Addis Ababa tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 2,400 daga doron teku, wato ninki biyu na tudun garin Jos, Entoto kuwa ya ɗara haka da nisa. Gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda iskar da yake shaƙa ke raguwa ƙarfi, ta yadda baƙo idan ya hau matakala kaɗan sai ya ji yana haki. Jikin wanda ya zauna a irin wannan wuri yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa tsoka, idan kuwa ya sauko ƙasa mai kwari, kamar biranen bakin teku, sai ya ji numfashi ya zo masa da sauƙi. Ban da wannan kuma, gudu a kan turbar daji ya bambanta da gudu a kan kwalta. Ƙasa tana da laushi, ba ta dukan gwiwa da ƙugu kamar titi, ga saiwoyi da duwatsu da ke tilasta wa mai gudu ya riƙa sauya taku, idon sawu ya yi ƙwari, hawan tudu kuma ya gina cinya da zuciya tare. Abin da Turawa a yau suka mayar wasa na musamman, suna keɓe masa hanyoyi a gandun shaƙatawa na bakin teku da na kan duwatsu, shi ne hanyar zuwa aikin Abebe.

Amma ƙasa kaɗai ba ta yin gwani. A nan ne wani Bature ya shigo cikin labarin, Manjo Onni Niskanen, mutumin Suwidin wanda aka haifa a Finlan, wanda ya zo Habasha bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana koyar da wasannin motsa jiki, har aka danƙa masa horar da askarawan Sarki. Mutanen Suwidin tun shekarun 1930 sun shahara da wata dabara ta horar da masu gudu a cikin daji, inda ake cakuɗa sassarfa da gudu mai tsanani a kan tudu da kwari maimakon zagaya fili kawai. Niskanen ya ga Abebe, ya gane abin da ke tattare da shi, ya tsara masa horo: yau dogon gudu a kan tsauni, gobe gajeren zango da sauri a maimaita sau da yawa, ga agogo a hannu ana rubuta lokaci. A watan Yuli na 1960 Abebe ya ci gudun famfalaƙi a Addis Ababa, bayan wata guda ya sake ci cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23. Wannan lokaci ya fi wanda shahararren ɗan Cekoslobakiya, Emil Zatopek, ya kafa a wasannin Olimfik na Helsinki a 1952, ga shi kuma an yi shi a kan tudun da numfashi ke wuya. Niskanen ya san abin da yake riƙe da shi tun kafin su hau jirgi.

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san ba a rasa irin wannan yaro a can. Daga Surko zuwa ƙauyukan da ke kewaye da duwatsun Birnin Kudu, 'ya'yan makiyaya da na manoma suna cin tafiya mai nisa kowace rana a bayan dabbobi, ko zuwa makaranta, ko kasuwa, a kan burtali da turba, da yawansu da silifas ko ma ba komai. Gaskiya ne ba su da tudun Shewa, amma juriya da sabo da ƙasa suna nan. Abin da Abebe ya samu wanda su ba su cika samu ba shi ne hukumar da ta ɗauke shi ta ciyar da shi, da malamin da ya tsaya a kansa shekara da shekaru da agogo a hannu. Wannan kuwa ba baiwa ba ce daga sama, aikin ofis ne da kasafin kuɗi da malamin wasanni wanda ya san aikinsa.

A Rum Abebe ya sami sabon takalmin gudu, amma bai zauna masa daidai ba, ya yi masa bororo a ƙafa. Da shi da malaminsa suka ga gara ya yi gudun yadda ya saba. Ba talauci ne ya hana shi takalmi ba, kamar yadda wasu ke zato, shawara ce aka yanke bayan an gwada. Saboda zafin bazarar Rum, sai da yamma aka tashi masu gudun, su 69, daga gindin tudun Kafitol, aka shirya a gama da dare a ƙofar tarihi ta Sarki Kustantin, dab da tsohon dandalin Kolosiyam. Idon masana yana kan Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet, wanda ke riƙe da lokacin da ya fi na kowa a duniya, awa 2 da minti 15 da sakan 17. Niskanen kuwa ya gargaɗi yaronsa da ya kula da wani ɗan Maroko, Rhadi ben Abdesselam, wanda aka ce zai sa lamba 26. Ashe a ranar lamba 185 ya sa. Saboda haka tun daga wajen rabin hanya, lokacin da su biyu suka tsere wa sauran, Abebe yana gudu kafaɗa da kafaɗa da mutumin da yake nema, yana kuma ƙara wuta don ya cim ma mai lamba 26 da yake zaton yana can gaba.

Duhu ya same su a kan tsohuwar hanyar Afiya, wadda Rumawan da suka shimfiɗa da duwatsu shekara fiye da 2,000 da suka wuce. Sojojin Italiya sun jeru a gefen hanya suna riƙe da sanduna masu cin wuta don haskaka wa masu gudu. Wanda bai saba ba, irin wannan daɓen dutse a cikin duhu yakan sa shi ɗari-ɗari, amma ga mutumin da ya girma a kan turbar Shewa ba baƙon abu ba ne. Kusa da ƙarshen hanyar akwai wata doguwar hasumiyar dutse, tsawonta kimanin mita 24, wadda sojojin Mussolini suka ɗebo a 1937 daga Aksum, tsohon birnin sarakunan Habasha, suka kafa a Rum don alfahari. Daidai wannan wuri Abebe ya saki ƙafa, ya bar ɗan Maroko a baya. Ya isa ƙofar Kustantin cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16.2, ya riga Rhadi da sakan 25, ya karya lokacin Popov da abin da bai kai sakan guda ba, ya kuma rage na Zatopek da kusan minti 8. Barry Magee na ƙasar New Zealand ya zo na uku, Popov na biyar. Da ya tsaya, maimakon ya zube kamar yadda aka saba gani, sai ya shiga sunkuyawa yana taɓa yatsun ƙafarsa yana tsalle a wuri ɗaya.

Kafin Abebe an sami waɗanda aka haifa a Afirka da suka ci wannan gudu, amma a ƙarƙashin tutar wasu. Boughera El Ouafi a 1928 da Alain Mimoun a 1956, dukansu haifaffun Aljeriya ne, Faransa suka ciyo wa lambar. Wanda ya ci wa Afirka ta Kudu a 1912 kuwa Bature ne. Nasarar Rum ta zo a shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, cikinsu har da Nijar da Nijeriya, don haka aka ɗauke ta a matsayin ta nahiyar baki ɗaya.

Ya koma gida aka tarbe shi da gagarumin biki, Sarki ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa girma zuwa kofur. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Disamba na wannan shekara, Sarki yana ziyara a Birazil, shugaban rundunar tsaron Sarkin, Janar Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulki wanda bai yi nasara ba. An zubar da jini a Addis Ababa, daga baya aka rataye Janar ɗin, aka tarwatsa rundunar. An kama Abebe tare da sauran askarawa, aka yi masa tambayoyi, da aka ga ba shi da hannu aka sake shi.

A 1961 ya ci gudu uku a ƙasashen waje, a Atina da Osaka da Koshitse. Na Atina shi ne na biyu kuma na ƙarshe da ya yi ba takalmi a gasar duniya, abin da masu ba da labarinsa kan manta. A 1963 ya je Boston ta Amurka ya zo na biyar.

Saura kimanin mako shida a yi gudun Olimfik na Tokiyo a 1964, yana cikin horo a Debre Zeit, sai ciwon ciki ya kama shi. Likitoci suka ce afendis ne, aka yi masa aiki ran 16 ga watan Satumba. Ba wanda ya ɗauka zai yi gudun, balle ya ci. Ran 21 ga watan Oktoba ya fito, wannan karon da takalmi da safa. Ron Clarke na Ostireliya da Jim Hogan na Ailan suka ja gaba da zafi tun da farko, Abebe ya bi su a hankali, ya kamo su, kafin rabin hanya ya wuce gaba, daga nan kuma ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa da kyau. Ya shiga filin wasa shi kaɗai ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11.2. Wanda ya zo na biyu, Basil Heatley na Ingila, shi ne mai riƙe da lokacin duniya kafin wannan rana, amma sai bayan minti 4 da sakan 8 ya iso, ya tarar Abebe ya riga ya kwanta a kan ciyawa yana motsa jiki abinsa, jama'a na tafi. Kokichi Tsuburaya na Japan ya zo na uku. Da haka ya zama mutum na farko da ya ci gudun famfalaƙi na Olimfik sau biyu a jere. Bayansa mutum biyu ne kawai suka yi haka, Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas a 1976 da 1980, sai Eliud Kipchoge na Kenya a 2016 da kuma wasannin Tokiyo da aka yi a 2021. A waɗannan wasanni na 1964 ne kuma Nijeriya ta ci lambarta ta farko a Olimfik, tagullar da Nojeem Maiyegun ya samo a dambe. Sarki ya naɗa Abebe laftana, ya ba shi gida da mota ƙirar Volkswagen, irin ƙaramar nan mai siffar kunkuru.

Gudun Tokiyo ya isa ya raba gardama a kan batun takalmi. Da takalmi ya fi sauri da minti 3, mako biyar bayan an yanka cikinsa.

Ya ci gaba da cin gasa a 1965 da 1966, amma daga 1967 ƙafa ta fara ba shi wahala. A wasannin birnin Meksiko na 1968 an ba shi lamba 1 don girmamawa, alhali likitoci sun riga sun gano tsagewa a siririn ƙashin ƙaurinsa na hagu. Ya fara gudun, bai kai rabi ba ya fita. Abokinsa kuma ɗan rundunarsu, Mamo Wolde, shi ya ci, Habasha ta riƙe lambar karo na uku a jere. Meksiko ma a kan tudu take, mita 2,200 da ɗoriya, kuma a can ne 'yan Kenya irin su Kipchoge Keino da Naftali Temu suka nuna wa duniya cewa abin da aka gani a Rum ba na mutum ɗaya ba ne. Cikin gudun famfalaƙi 16 da Abebe ya shiga a rayuwarsa, ya ci 12. Da ya koma gida aka naɗa shi kyaftin.

Ran 22 ga watan Maris na 1969 da dare motar nan tasa ta ƙwace masa ta kife, ya kwana a cikinta ba mai ceto sai da gari ya waye. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bayan mako guda aka ɗauke shi zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu raunin laka, ya yi wata 8 a can, har Sarauniya Elizabeth ta biyu ta je duba shi. A hankali hannuwansa suka dawo aiki, ƙafafun kuwa ba su sake ɗaukarsa ba. Wannan asibiti shi ne inda Dokta Ludwig Guttmann ya fara shirya wa naƙasassu gasar wasanni a 1948, wadda daga ita ce wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. Abebe bai zauna zaman makoki ba. A 1970 ya shiga wannan gasa a kan keken guragu, ya yi harbin baka da ƙwallon tebur. A 1971 aka gayyace shi Norwe, ƙasar ƙanƙara, ya shiga tseren keken da karnuka ke ja a cikin daji, abin da bai taɓa sani ba a ƙasarsu, ya kuma zo na ɗaya. A wasannin Munik na 1972 an kai shi a matsayin babban baƙo, filin wasa ya miƙe tsaye dominsa, ya kuma ga Mamo Wolde ya ci tagulla yana da shekara 40. Shi wannan Mamo Wolde ne ya zo Ikko a watan Janairu na 1973 ya ci gudun famfalaƙi a wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu.

Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa ran 25 ga watan Oktoba na 1973, yana da shekara 41, sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, abin da ke da nasaba da haɗarin da ya yi. An yi masa jana'iza irin ta manyan sojoji, Sarki Haile Selassie da kansa ya halarta tare da dubban jama'a, aka binne shi a maƙabartar cocin Yusufu. Ba a cika shekara guda ba sojoji suka tuɓe Sarkin da ya yi wa aiki, a watan Satumba na 1974.

An sa wa wani filin wasa na Addis Ababa sunansa, kuma a 1978 ƙungiyar masu gudu ta birnin New York ta fara ba da lambar yabo da sunansa. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Miruts Yifter da Derartu Tulu da Haile Gebrselassie da Kenenisa Bekele, sun gaji al'adar horo a kan tudu da cikin daji. Ko a nan gida, da Jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan tsaunin Obudu a 2005, 'yan Habasha sun sha zuwa su kwashe kyautar. Hasumiyar Aksum kuwa Italiya ta mayar wa Habasha da ita a 2005, aka sake kafa ta a mazauninta na asali a 2008. A 2010, da aka cika shekara 50 da gudun Rum, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena ya ci gudun famfalaƙi na birnin, saura 'yan ɗaruruwan mitoci ya gama sai ya tsaya ya tuɓe takalminsa, ya ƙarasa da ƙafa.